Furannin Bayan Ɗakin Mama

Gidan su Auta a gindin tudu yake. Idan ka fita ta ƙofar kicin za ka tarar da wani siririn lungu da mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki, sai katangar dutse da ta kai ƙirjin babban mutum. Daga saman katangar ƙasa ta miƙe, gangare mai tsayi, har zuwa shingen waya na mutanen sama. Wannan gangaren ne Mama ta cika da wani fure mai suna agafantus tun Auta tana goye.

Sunan ya fi ƙarfin bakin maƙwabta. Da suka ga ganyen dogaye masu kauri suna fitowa cunkus daga gindi ɗaya, sai suka sa masa albasar Mama, sunan kuma ya bi shi. Lokacin da Mama take aikin jinya ta samo shi, gindi ɗaya tak a cikin tsohon bokiti, kyautar wata mara lafiya. Ta dasa, ya yaɗu, ta raba, ta sake dasawa, har gangaren ya rufe ruf, ba ka ganin ƙasa ko da faɗin tafin hannu. Duk bazara sai dogayen karare su ratso ganyen, kowanne ɗauke da dunƙulen fure shuɗi a ka. Masu wucewa ta titin sama har tsayawa suke yi su leƙo.

Yanzu Mama ba ta hawa gangaren. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, ta tafi da hannun dama da ƙafar dama da kusan duk maganarta. 'Yan kalmomi ne suka rage mata, su ma da ƙyar suke fita. Shi ya sa Auta, wadda ita ce ƙaramar 'yarta duk da furfura ta fara leƙo mata, ta kwaso keken ɗinkinta ta dawo gida. Labule take ɗinkawa da rigunan kujeru. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya fiye da a gida, don haka bai hana ba.

Ɗakin Mama shi ne na can baya, tagarsa tana kallon gangaren. An juya mata gado yadda daga kan filo za ta ga furanninta, kuma daga nan take mulki. Da cokalin shayi take kiran Auta, ta buga shi a jikin ƙarfen gado, ta nuna taga da haɓa. Haka Auta ta gaji aikin da a da take gudu. Ta san dokokin tun tana yarinya, don da faɗa aka koya mata su. Agafantus ba ya son gata. Rana yake so, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Idan fure ya bushe a yanke karan daga gindi, kada ya ɓata ƙarfinsa wajen yin iri. Ba a raba shi sai ya matsu ya daina fure, kuma ba a taɓa shi da hannu tsirara, don yauƙin ganyensa yana sa ƙaiƙayi har fata ta yi ja.

Bazarar nan sai ga abin da ba a saba ba. Layukan ƙasa sun yi fure yadda suka saba, amma daga sama, kusa da shingen waya, ganyen ya fara rawaya daga baki, ya yi laushi, yana kwanciya. Dodon koɗi kuma ya yi yawa. Da safe Auta takan tsince su ta cika gwangwani, washegari ta tarar kamar ba ta taɓa ba.

Wata safiya cokali ya yi ƙara. Auta ta tsayar da keke ta shigo.

"Ruwa," in ji Mama.

Auta ta kawo kofi. Mama ta ture shi da hannun hagu har ya zube a kan zanin gado, ta nuna taga.

"Ruwa!"

"To, na ji. Ba ke ba ce, 'ya'yanki ne ke jin ƙishi. Ni da na fito daga cikinki ba a taɓa tambayar ko na sha ba."

Mama ba ta yi murmushin nan nata na gefen baki ba. Auta dai ta ja tiyo ta hau, ta shayar da layukan sama. Ta yi ta yi kullum da safe, ganyen kuma ya ƙara lalacewa, cokalin Mama ya ƙara zafi. Abin ya fara ɓata wa Auta rai. Ga ɗinki, ga wanka, ga juya mara lafiya, ga magani, sannan a ce ba ta iya ko da ba fure ruwa ba.

Ranar da ta hau can ƙarshen gangaren don ta cire matattun ganye, ƙafarta ta nutse har idon sawu. Ta zaro ta da ƙyar, takalmin ya tsaya a ciki. Ta tsaya tana kallon ramin da ƙafar ta bari. An daɗe ba a ga ko ɗigon ruwan sama ba, har ciyawar bakin titi ta ƙone. Ta ce a ranta ita ce ta cika ruwa, ta naɗe tiyo ta rataye. Aka kwana, aka sake kwana, rana tana dukan gangaren daga safe zuwa yamma, amma wurin bai bushe ba.

Sai kuma kararen. Da farko ba ta lura ba, sai da ta zo shimfiɗa wa Mama filo, ta sunkuya, idonta ya zo daidai da na Mama. Daga nan ta ga abin da Mama ta daɗe tana gani. Duk kararen furen, daga sama har ƙasa, sun karkato wajen gida. Ba kamar iska ta kaɗa su ba, don iska takan watsa su ne kowanne ya nufi inda ya ga dama. Waɗannan sun sunkuyo tare, kai ɗaya, kamar masu son leƙa ɗakin.

Da yamma ta sa safar hannu, ta ɗauki shebur, ta hau. Ta san yadda tonon agafantus yake. Saiwarsa fara ce mai kauri kamar yatsun hannu, a sarƙe da juna, kafin ka ɗaga gindi ɗaya sai ka yi gumi, wani lokacin har ƙotar shebur ta karye. Ta kafa shebur, ta shirya dannawa da ƙarfinta duka, sai gindin ya biyo ta ba gardama, har ta kusa faɗuwa da baya. Saiwar ta zama ruwan ƙasa, ta ruɓe, tana narkewa a hannu. Wari ya taso, amma a ƙarƙashin warin ruɓa akwai wani ƙamshi da ta sani. Ta kai hanci. Sabulu.

Tana tsaye ramin ya fara cika daga ƙasa, ruwa mai launin toka, a hankali, da 'yar kumfa tana juyawa a kai. Ta ɗaga kai ta dubi shingen waya. Daga can ana jin rediyo da ƙarar injin fesa ruwa.

Wurin wankin mota ne. Bara aka buɗe shi a filin da a da ba kowa sai tsofaffin tayoyi. Kafin a je sai an zagaya ta babban titi a hau kwalta. Washegari Auta ta ba Mama magani, ta ƙulle ruɓaɓɓiyar saiwar a leda, ta tafi.

Ta tarar da motoci a layi, ma'aikata suna ta goge gilasai, kumfa tana gudu a kan daɓen siminti zuwa wata kwata da ta nufi kusurwar shinge. Mai wurin, wani ƙaton mutum mai fara'a da kowa ke kira Mai Kumfa, ya taho cikin takalmin roba da tawul a wuya.

"A'a, maƙwabciya! Yau mota aka kawo mana, ko keken ɗinkin za a wanke?"

"Malam, tambaya na zo yi. Ruwan nan naku, ina yake zuwa?"

"Zo ki gani, ai abin nunawa ne." Ya ja ta zuwa kusurwar, inda aka yi murfin ƙarfe a tsakiyar daɓe. "Rami na sa aka haƙa, mai zurfi, aka gina shi da bulo. Masu aikin suka ce idan ya cika in kira motar kwashewa. Kin san abin mamaki? Tun da muka buɗe ban taɓa kiranta ba. Ko sau ɗaya! Rami mai albarka."

Ya ɗaga murfin yana dariya. Suka leƙa tare. Kwatar tana kwarara ciki ba tsayawa, amma ruwan yana can ƙasa, nesa, da ƙyar ake hango ƙyallinsa. Auta ta kwance ledar ta miƙa masa. Ya sunsuna. Dariyar ta tsaya a fuskarsa kamar ya manta da ita a can.

"Ai ƙasa ce," ya ce, "sha take yi."

"Tana sha tana kai wa wa? Uwata tana kwance a ƙarƙashin nan, Malam."

Ya goge wuya da tawul. Ya dubi layin motoci, ya dubi mutanensa. "Ki yi haƙuri, 'yar uwa. In na rufe yau, waɗannan duk gida za su koma hannu biyu. Bari aiki ya ɗan lafa, zan kira wanda ya gina shi ya duba. Wallahi zan kira."

Da za ta juyo ta ga wani dogon tsagi a daɓen, ya bi gefen shingen daga wannan kusurwa zuwa waccan. An lafta masa sabon siminti. Sabon simintin ma ya tsage.

Tun a hanya ta kira Yaya, babban wansu, mai shagon tayoyi a cikin gari. Ya zo da la'asar, yana ta amsa waya. Ya shiga lungun, ya daki katangar da takalmi, ya dafa ta da hannu biyu ya tura.

"Auta, katangar nan ta girme ki. Baba ne ya tsaya aka gina ta, dutse ne zalla."

"Yaya, dubi nan." Ta nuna masa ƙananan bututun da aka saka a gindin katangar don fitar ruwa. Tun tasowarta a bushe ta san su, gizo-gizo ke saƙa a ciki. Yanzu kowanne yana tsiyaya, kumfa ta taru a bakinsa.

"To ai aikinsu ke nan, suna fitar da shi. Da ba sa fitarwa ne za a damu." Ya juya zai koma, ƙofar kicin ta ƙi buɗewa sai da ya sa kafaɗa. "Wannan ma katako ne ya kumbura. Ina abin fiƙar nan na Baba?"

Ya cire agogo, ya fiƙe saman ƙofar har ta daina cijewa, ya buɗe ya rufe ya buɗe ya rufe, ya dubi Auta da fuskar wanda ya gama aiki. Ya ce yana da aboki injiniya, zai kawo shi da zarar ya dawo daga tafiya. Ita ma ta ce ta kira ofishin ayyuka na gari, sun ce za su turo mutum.

"Ka ga, kafin su zo, mu mayar da Mama falo."

Yaya bai ƙi ba. Suka shiga tare, Auta ta turo keken marasa lafiya bakin gado, ta yi murya mai daɗi. "Mama, za mu ɗan canza miki wuri, ki ga titi, ki ga mutane."

Mama ta dubi keken, ta dubi su biyun, ta kai hannun hagu ta kama ƙarfen gado. Hannun da cokali ma yakan gagare shi wani lokacin, yanzu ya riƙe ƙarfe har jijiyoyi suka tashi.

"A'a."

"Na ɗan lokaci ne."

"A'a. A'a. A'a."

Auta ta durƙusa, ta kawo fuskarta kusa. "Mama, da kike cewa ruwa, ba shayar da su kike nufi ba, ko? Kin ga abin da ke faruwa."

Mama ta lumshe ido ta buɗe, wato e.

"To kin san abin da zai iya biyo baya. Ki bari mu fitar da ke."

Mama ta daɗe tana kallonta. Babu ruɗewa a idon, babu tsoro. Sai ta mayar da shi ga taga, ga furannin da suka sunkuyo, ta ce a hankali, sarai kamar bakin bai taɓa karkacewa ba: "A'a."

Numfashin Mama ya fara sama-sama, Yaya ya dafa kafaɗar ƙanwarsa. "Ki bar ta. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali, kin fi ni sani. Kada garin gudun katanga mu jawo mata wata shanyewar."

Auta ta bar ta. Amma ta ɗauko keken ɗinkinta ta kafa a ɗakin, kusa da ƙofa, tana fuskantar taga. Ta kuma yi wata dabara da ba ta gaya wa kowa ba. A tsakiyar katangar akwai wani siririn tsagi da ya bi tsakanin duwatsu. Ta buga ƙusa a kowane gefe, ta ɗaura farin zare tsakaninsu, ta bar shi da ɗan sassauci. Washegari ta tarar ya miƙe ɗam. Da ta sake dubawa bayan ta ba Mama abincin rana, ya tsinke, bakinsa biyu suna lilo.

Mutumin ofis bai zo ba. Injiniya bai dawo ba. Daga sama rediyo bai daina ba, injin ruwa bai daina ba. Tururuwa suka fito daga gindin katangar a dogon layi, ɗauke da fararen ƙwayayensu, suka ratsa lungun, suka bi ta ƙarƙashin ƙofar kicin, suka fice ta gaba. Auta ta tsaya da tsintsiya a hannu ta kasa share su. Mijinta ya kira daga hanya, ta fara ba shi labari, layin ya yanke.

Layukan ƙasa kuwa ba su taɓa yin kyau kamar bana ba. Dunƙulen furen sun yi manya, shuɗin ya yi duhu. Wasu sun fara bushewa, lokacin yanke su ya yi, Mama tana buga cokali tana nuna su. Auta takan tsaya a lungun, ta miƙa hannu da almakashi ta yanke waɗanda take iya kaiwa. Ba ta ƙara yarda ta taka gangaren ba.

Ranar da abin ya faru, gari ya tashi da nauyi. Ba iska, ba kukan tsuntsu, gumi yana bin baya ko mutum yana zaune. Bayan azahar hadari ya haɗo daga bayan tudun, ɗakin ya yi duhu har Auta ta daina ganin ramin allura. Ta ɗaga ƙafa daga keke. A cikin shirun nan ta ji shi.

Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas.

Ƙaramin sauti ne, daga waje, daga cikin ƙasa. Ta san shi. Shi ne sautin da ɗinki ke yi idan aka kama yadi da hannu biyu aka ja, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Saiwar lafiyayyun gindin ce, waɗanda suka rage suna riƙe da gangaren.

Ta miƙe. Iskar farko ta shigo ta falo ta bugo ƙofar ɗakin, ta rufe da ƙarfi. Manyan ɗigon ruwa suka fara dukan kwanon rufi.

"Mama, yau ba tambayar ki nake yi ba."

Hannun hagu ya riga ya kama ƙarfe. Auta ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ɓamɓare wannan wancan yana komawa. Mama ta sake shi da kanta, ta ɗauke ta da mari, ta kama gashinta ta ja. Auta ta fizge kanta. Ta rungume ta ta ƙarƙashin hammata, ta jawo ta, ƙafar da ta mutu tana jan zanin gado, ta zube ta a keken marasa lafiya a karkace. Mama tana wani irin kuka marar kalma, wanda Auta ba ta taɓa ji daga bakinta ba ko ranar da Baba ya rasu.

Ta murɗa hannun ƙofa. Ya murɗu, ƙofar ba ta motsa ba. Ta ja da hannu biyu, ta kafa ƙafa a bango ta ja. Ta ɗaga kai ta ga saman ƙofar ya cije a jikin katakon da ke riƙe da ita, katakon ya karkace, farar ƙura tana zubowa daga sama. Ta dubi taga, ƙarafa ne, Baba ya sa su saboda ɓarayi. Ta bayan ƙarafan ruwa yana gangarowa ta tsakanin ganye, ba fari ba, ja.

Ta yi ihu. Ta daki ƙofar da kujerar ɗinki har ƙafar kujerar ta fita. Ruwan sama ya danne muryarta. Ta laluba aljihu, wayar tana falo.

Sai ta ji ana dukan ƙofar gida, sannan takun takalmin roba a falo.

"Maƙwabciya! Kuna ina?"

Mai Kumfa ne.

"Nan! Ɗakin baya! Ƙofar ta cije!"

"Matsa daga bakinta!"

Ya bugo ta da kafaɗa, ya sake, a na gaba katakon ya tsage, ya faɗo ciki a jiƙe sharkaf, idonsa waje. "Daɓena ya zauna," ya ce yana haki. "Kusurwar ramin ta nutse ina kallo. Na kori kowa. Mu tafi."

Bai tsaya tura keken ba. Ya ɗaga shi da Mama a ciki, Auta ta kama ƙafafun, suka fita ta falo, suka tsallaka titi zuwa rumfar wani shagon aski da ke rufe. Auta ta koma da gudu ta ɗauko waya da bargo da jakar magani, ta dawo ta lulluɓe Mama, ta kira Yaya.

Daga nan sai ba abin da ya faru. Ruwa yana zuba, kwata tana gudu, gidan yana tsaye yadda yake. Ta saman rufinsa ana hango gangaren, shuɗi a cikin ruwan. Maƙwabta suka fara leƙowa ta tagogi. Mama tana rawar sanyi, leɓɓanta sun yi fari, ta juyar da fuska daga Auta. Mai Kumfa ya cire rigarsa ta sama ya tare mata feshi. Auta ta fara jin wani sanyi da ba na ruwa ba. In fa ta yi kuskure? In sanyin nan ne zai kashe ta?

Motar Yaya ta tsaya, ya fito ba lema.

"Auta, kin haukace ne? Mace mara lafiya a cikin wannan ruwan? Me na ce miki? Kama mu mayar da ita yanzu-yanzu!"

Ya kai hannu ga keken. Mai Kumfa ya ce, "Tsaya, Malam," yana nuna sama da yatsa.

Sandunan shingen waya sun fara sunkuyowa ɗaya bayan ɗaya. Sai gangaren gaba ɗaya ya taho. Bai yi gudu ba, bai yi ƙarar da Auta ta zata ba. Ya zamo ne a hankali kamar shimfiɗar da aka ja daga kan gado, furannin suna tsaye a kansa, suna kaɗa kai, suna gangarowa a jere, har suka ɓace a bayan rufin. Aka ji wani nishi mai nauyi daga ƙasa, wanda ya shigo ta tafin ƙafa. Bayan rufin ya durƙusa. Ƙofar gida ta buɗe da kanta, jar laka ta leƙo ta falo, ta gangaro kan matakala.

Yaya ya saki keken. Ya zauna a ƙasa, cikin ruwa, bai sani ba.

Mama ta ga komai, don keken yana fuskantar gidan. Ta daina kukan.

Gidan Yaya suka koma, wani ɗaki a hawa na sama, wanda matarsa ta kwashe kayan yara ta gyara. Likita ya zo ya duba, ya ce sanyi bai shiga ƙirji ba, an yi sa'a. Amma Mama ta daina karɓar abinci daga hannun Auta. In matar Yaya ta ba ta sai ta ci kaɗan. In Auta ta shigo sai ta rufe ido har ta fita. Yaya ya daina haɗa ido da kowa, yana ta kawo 'ya'yan itace da ba mai ci. Wata rana ya tare Auta a bakin matakala ya buɗe baki, ya rufe, ya ce ko tana buƙatar wani abu daga kasuwa.

Mutanen ofis sun zo daga baya. Suka rufe wurin wankin mota, suka tafi da Mai Kumfa don ya yi bayani, suka shafa jan fenti a ƙofar gidan su Auta da ta gidajen da ke jere da shi, suka ce kowa ya tashi.

Da aka ɗan samu sararin ruwa Auta ta koma ɗauko labulen mutane da ke falo. Layin ya yi tsit. Ta kwashe abin da laka ba ta taɓa ba, ta ƙulle a zani. Ba ta leƙa ɗakin baya ba, ba ma ta inda za a leƙa. Da ta fito ta ɗaga kai ta ga inda ƙasar ta yanke, jan miki a jikin tudun. Daga bakinsa wani tsagi ya ci gaba, ya bi saman gangaren ta bayan gidan maƙwabta, faɗinsa ya isa hannu ya shiga.

Daga gidan da ke kusa, mai jan fenti a ƙofa, ta ji ana wanke kwanuka. Ta ƙwanƙwasa. Matar gidan ta buɗe, da jariri a kafaɗa, wata ƙaramar yarinya tana riƙe da zaninta.

"Ba ku tashi ba?"

"Mu tashi mu je ina, Anti? Maigidan yana neman ɗakin haya. Inda ya samu sun ce mana sai ƙarshen wata."

"Kin ga tsagin nan na sama?"

"Na gani." Matar ta gyara jaririn. "A falo muke kwana duka yanzu. Ina barin ƙofa a buɗe."

"Ku zo gidan Yayana, ko ke da yaran. A matsu a zauna."

"Na gode, Anti. Bari ya dawo in gaya masa."

Auta ta ba ta lambar waya, ta sa ta ta maimaita. Ta ɗora ƙullin labule a ka ta kama hanya. Kafin ta kai bakin titi iska ta juya, ta yi sanyi, masu kaya a gefen hanya suka fara ja da tebura ciki.